Murfin Motar Burodi

Rana ba ta gama ɗagawa ba aka turo motar burodi cikin gareji, ƙarti a bayanta suna nishi, Mai Burodi a gefe ya zura hannu ta taga yana juya sitiyari, yana ta zagin wanda bai ambaci sunansa ba. Da aka ɗaga bonet kowa ya ja baya. Baƙin mai ya wanke injin kaf, ya fantsama har saman bonet ɗin ta ciki, yana ɗiga kamar rufin da ruwa ya huda. Bakin da ake zuba mai kuwa a buɗe yake, ba murfi, ba labarin murfi.

Garejin nan rumfuna ne a jere cikin katanga ɗaya mai ƙofa ɗaya, kuma babu wanda bai san wa ya yi wa motar juyen mai jiya da yamma ba. Auta ce, mace ɗaya tilo da ke riƙe sifana a wurin. Tun ranar da ta kama rumfar da ke ƙarƙashin bishiya ake jiran irin wannan safiya. Wasu ma da suka leƙa injin suna girgiza kai, in ka duba bakinsu da kyau, ƙoƙarin danne murmushi suke.

Mai Burodi ya ce yana cikin tafiya ya ji ƙauri, sai hayaƙi ya turnuƙe, inji ya shiga ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ya kashe motar. Masu shaguna na can suna jiran burodi, shi kuma ga shi nan. Auta ta rantse cewa sabon murfi ta saka masa, tunda robar tsohon ta bushe ta tsage, ta murɗa shi har ya yi ƙas. Injiniya, tsohon makaniken da Mai Burodi ya baro ya koma wajen Auta, ya ce ai murfi ba ya da ƙafa.

Sai ga Shugaban gareji ya taho yana gyara zaman hularsa. Mutum ne mai tumbi da muryar raba gardama, mai wata tsohuwar mota da yake kira Amarya, ko da yake ta girmi rabin makanikan wurin. Ya leƙa injin, ya yi tsaki mai taushi, ya tuna wa jama'a ƙa'idar da kowa ya sani: duk wanda ya manta murfi ko ya bar ƙusar zubar da mai a kwance har injin mutum ya lalace, ya tattara kayansa ya bar rumfa. Ya ce da yamma za a zauna. Ya ƙara da cewa shi ba ya son zalunci, amma ƙa'ida ba ta san mace ba.

Auta ba ta yi kuka ba. Ta goge hannunta, ta kira babanta a waya.

*

Baban nata shi ake ce wa Mai Sawu. A zamanin ƙarfinsa, in aka sace wa mutum saniya ko akuya, shi ake ɗaukowa, ya bi ƙasa da ido har ƙofar ɓarawo. Yanzu ya tsufa, awaki ma a mota ake sace su, amma idonsa bai bar ƙasa ba. Matarsa kan ce ta tabbata bai san kamannin fuskarta ba, amma kaushin dugaduganta ya haddace shi tsaf.

Ya shigo da sandarsa, kansa a sunkuye, ana ta gaishe shi yana amsa wa takalman mutane. Ya zauna a bencin Auta ya ce ta gaya masa yadda ta yi aikin, kada ta tsallake komai.

Ta ce ta zubar da tsohon mai, ta zuba sabo, ta goge bakin da tsumma don kada yashi ya faɗa ciki. Ta shafa ɗan sabon mai a robar sabon murfin don ta zauna da kyau, ta murɗa. Sannan ta ɗauki jan farce ta ja ɗan siririn layi daga gefen murfin zuwa jikin injin, ta ɓangaren gilashi, kamar yadda take yi wa duk abin da ta ɗaure, don in ya motsa ta gane. Wannan jan farce ya daɗe yana ba mazan gareji dariya, har Injiniya kan tambaye ta ko za ta yi wa taya kitso. Tsohon murfin kuma ta ba Mai Burodi abinsa, don ba ta riƙe tsohon kayan kowa. Da yake yamma ta yi, ya bar motar ta kwana a gareji, sai da safe ya ɗauka.

"Kin tabbata kin rufe?" in ji shi.

"Baba, ko a gaban kowa."

"Ban ce a gaban kowa ba. A gabana."

Ta dube shi ido cikin ido ta ce ta rufe. Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya ce wa Mai Burodi ya zo ya nuna masa hanyar da ya bi.

*

Suka fita da ƙafa. Mai Burodi yana ta surutu a kan asara, Mai Sawu yana karatun kwalta. Daga ƙofar gareji har kwanar farko babu ɗigon mai ko ɗaya. Suka wuce layin masu walda, nan ma titi fes. Sai da suka kai wani tudu da aka yi a titi don rage gudu, daga bayansa ɗigo ya fara, ƙanana tukuna, sannan manya, har suka zama zare baƙi ya miƙe.

Mai Sawu ya tambayi Mai Burodi ko ya taka birki a tudun. Mai Burodi ya sosa ƙeya ya ce burodi ba ya jiran tudu.

Tsohon ya tsaya a kan tudun ya dubi gangaren titi, ya bi shi a hankali har bakin kwata. Ya sa sanda ya tona shara, ya zaro wani baƙin abu ya ɗaga. Murfin mai ne. Amma tsoho ne tukuf, haƙoransa sun cinye, robarsa ta zama kamar busasshiyar fata, kuma an naɗe gindinsa da leda da zafi ya narkar.

Ya ce, "Da murfi motar ta fito. Tudun nan ne ya cillar da shi."

Mai Burodi ya ce to shi ke nan, Auta ta mayar masa da tsohon murfinsa ta riƙe sabon. Da suka koma gareji, Mai Sawu ya sa shi ya buɗe aljihun motarsa. Ga tsohon murfin nasa nan kwance cikin tsumma, inda ya jefa shi jiya. Mai Burodi ya dubi na hannunsa, ya dubi na hannun tsohon.

Murfi ya zama uku ke nan: na Mai Burodi, na kwata, da sabon da ya yi ɓatan dabo. Wani ne ya kwance sabon bayan an tashi aiki, ya ɗora nasa ruɓaɓɓen a gurbinsa.

*

Wanda kowa ya fara kallo Injiniya ne, kuma Mai Sawu ma can ya nufa, don ya riga ya ga sawun takalminsa a inda motar ta kwana. Takalmin nan dunduniyarsa ta hagu ta cinye ta waje, ko makaho ya shafa zai gane.

Injiniya ya ce shi bai je kusa da motar ba. Aka nuna masa sawu. Ya ce to ya wuce ta wajen. Mai Sawu ya ce mai wucewa ba ya tsayawa ƙafa a ware yana fuskantar katanga, kuma katangar har yanzu da alama a jikinta. Masu sauraro suka fashe da dariya. Injiniya ya fusata ya ce eh, fitsari ya yi, bayin garejin ya toshe tun tuni kuma Shugaba ya ƙi gyarawa, sai a kai shi ƙara. Tsohon ya sake duba sawun. Daga bayan motar ya zo, ta bayan motar ya koma, bai zagayo wajen bonet ba. Gaban motar kuwa jama'ar safiya sun tattake shi, ba abin da ya saura.

Sai Mai Gadi, wanda ke kwana a ɗan ɗaki a bakin ƙofa tare da kajinsa. Wani ya rantse ya taɓa ganin murfin mota a ƙofar ɗakin. Aka je aka tarar da shi kuwa, kaji na shan ruwa a ciki, amma murfin fitilar babbar mota ne, faɗinsa ya kai faranti. Mai Gadi ya ce shi idonsa biyu tun da aka tashi aiki, ko ƙuda bai gifta ba. Da aka matsa masa ya ce, to, in ban da lokacin da wata kazarsa ta tsallake katanga ya bi ta har bayan layi. Da ya dawo kowa ya watse, motar Shugaba ce ma ta fita a ƙarshe kamar kullum, tunda shi ke duba rumfuna.

Mai Sawu ya je wajen Shugaba da ladabi ya roƙi a buɗe bonet ɗin duk motocin da ke garejin, na makanikai da na masu kawo gyara. Shugaba ya ce a'a. Wannan cin mutunci ne, ba za a mai da mutane masu iyali ɓarayi saboda yarinya ɗaya ba. Amma don kada a ce ya yi son kai, ya yarda a buɗe bonet ɗaya tak a wajen zama. Mai Sawu ya zaɓa. In an sami murfin, to. In ba a samu ba, Auta ta bar rumfa, shi kuma Mai Sawu ya ba mai motar da aka buɗe haƙuri a gaban jama'a.

Makanikai suka ce Shugaba ya yi adalci. Auta ta ja babanta gefe ta ce motoci sun cika gareji, ta yaya zai canka? Ya ce ta samo masa ruwa ya sha.

*

Ya zauna a inuwa, kofi a hannu, ya bar idonsa ya yi yawo. Ƙasar gareji a wajensa kamar garke take. Kowace mota da makwancinta, kowane makwanci da tabonsa. Motar Injiniya ruwa take zubarwa, tabonta fari-fari. Ta mai fenti man birki take ɗiga ta baya. Murfin kwata kuwa, yadda robarsa ta mutu, motar da ta rabu da shi ta daɗe tana tsiyayar baƙin mai ta gaba. Irin waɗannan ya ƙirga da ido sun fi a canka, kuma duk suna nan suna ɗigarsu.

Kajin Mai Gadi suka zo wucewa, uwa a gaba, 'ya'ya a baya. Suka shige ƙarƙashin Amarya, motar Shugaba, suka yi birgima a ƙasa, suka fito ta ɗaya gefen suna karkaɗe jiki. Mai Sawu ya bi su da kallo. Farare suka shiga, farare suka fito.

Ya ajiye kofin. Ya taka a hankali kamar mai miƙe ƙafa, ya sunkuya a gaban motar. Ƙasar wajen da shatin wani abu mai kusurwa huɗu, gefe-gefenta baƙi ƙirin da tsohon mai, tsakiyarta a bushe, sai sawun kaji kwance a kai ko ɗaya bai ɓaci ba. Ya ɗaga kai, abin da ba kasafai yake yi ba. A jikin bango, bayan motar, ga wani kwali a jingine, ya sha mai har ya yi nauyi.

Ya dawo ya tambayi Mai Gadi, kamar da wasa, kwalin can na wane ne. Mai Gadi ya ce ai na Shugaba ne. Kullum da safe yana kashe mota zai tura shi ƙarƙashinta da ƙafa, don kada masu kawo gyara su ga motar Shugaban makanikai tana yoyo. Ko hularsa zai manta, ba ya manta kwalin nan.

Mai Sawu ya koma benci ya shanye ruwansa. Auta ta tambaye shi ko ya ga wani abu. Ya ce ta tabbata kwalbar jan farcenta na kusa.

*

Da yamma aka jera benci a tsakiyar gareji. Shugaba a kujera, Injiniya a gefe yana ta harare-harare, Mai Gadi ya rungume kazar da ta jawo masa magana, Mai Burodi a tsaye don ya ce zama bai kama shi ba. Sauran makanikai da masu kawo gyara suka yi da'ira. Har masu walda na waje sun rufe shago sun shigo, don irin wannan ba a jin ta a bakin wani.

Mai Sawu ya ajiye murfin kwata a kan benci. Ya ce Injiniya ba shi da laifi sai na katanga, Mai Gadi kuma ba shi da laifi sai na kaza. Ya ce shi a aikinsa na da, ba kullum sawun da ke ƙasa ke kai shi gidan ɓarawo ba. Wani lokaci gidan da aka saba jin kukan yunwa ne za ka ji shiru, sai ƙamshin nama.

Injiniya ya ce a bar zance a zaɓi mota. Shugaba ya gyaɗa kai ya ce lallai, dattijo ya zaɓa, rana na tafiya.

Tsohon ya juya wajensa. "Ranka ya daɗe, kafin in zaɓa, yau me ya sa ba ka sa wa Amarya kwalinta ba?"

Shugaba ya ce mantuwa ce.

"To ita ma Amaryar mantawa ta yi ba ta ɗiga ba? Tun safe take tsaye, ƙasanta a bushe, har kaji na birgima. Wanda ya bar kwali a bango, ya riga ya san ba za a buƙace shi ba." Ya nuna da sanda. "Wancan bonet ɗin nake so."

Shugaba ya ce shi ai ba ya cikin lissafi, shi ne alƙali. Mai Burodi ya ce bonet ɗaya aka ce, ba a ce ban da na wane ba. Injiniya, da ya ga wuta ta bar kansa, ya fi kowa ɗaga murya a buɗe. Shugaba ya ce mabuɗin bonet ɗin ya lalace. Mai Gadi ya ce ai waya ce ake ja ta ƙasa, ya sha ganin ana yi, ya miƙa wa na kusa da shi kazar ya je ya ja.

Injin Amarya an wanke shi tas, abin da ba a taɓa gani ba. A samansa ga murfi sabo fil yana ƙyalli.

Shugaba ya yi gyaran murya ya ce saya ya yi. Irin murfin nan cike yake a kasuwa, ko an hana shi sayen murfi ne?

Mai Sawu ya ce a'a, ba a hana ba. Ya kira Auta ya ce ta kwance shi. Ta sa tsumma ta murɗe shi, ta juya gefensa ga jama'a. Ga ɗan siririn jan layi, ya taho bakin murfin ya yanke. Ta taka zuwa motar burodi, jama'a na biye da ita, ta goge man da ya rufe jikin injin. Ga ɗaya rabin layin nan. Ta ɗora murfin ta murɗa, ya yi ƙas, layi ya haɗu da ɗan'uwansa kamar ba su taɓa rabuwa ba.

Mai Burodi ya ce, "Ranka ya daɗe, a wace kasuwa ake sayar da shi da jan farce?"

Dariyar da aka yi, har kajin suka watse. Shugaba ya shiga kame-kame. Ya ce aro ya yi, yana da niyyar mayarwa. Ya ce ya naɗe nasa da leda sosai, a motarsa bai taɓa faɗuwa ba, laifin mai gudu a kan tudu ne. Wani daga baya ya tambaye shi, da Auta ta tattara kayanta, a ina zai mayar mata da rumfar? Nan ya cire hula ya shiga fifita da ita.

Ba a tashi ba sai da aka yanke cewa gyaran motar burodi a wuyansa yake, kujerar shugabanci kuma ya ɗan huta da ita. Aka ƙara da gyaran bayi, wannan Injiniya ne ya kawo shawarar.

*

Washegari Auta ta buɗe injin motar burodi, aka tarar Allah ya taƙaita, bai buga ba. Ta wanke, ta zuba mai, ta tayar, ya ɗauka lafiya lau. Mai Burodi ya tafi yana yi mata kirari, ya kuma taka birki a tudu, an gani.

Saura Amarya. Sabon murfi ya koma gidansa, tsohon kuwa ko leda ba ta ƙara riƙe shi, ga mota baki buɗe ba ta fita. Tsohon Shugaba ya bi rumfuna ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ba shi da irinsa. Injiniya ma yana da shi a akwati, amma ya ce bai gani ba. Ƙarshe dai mutumin da ya sha rantsuwa cewa mace ba za ta taɓa masa mota ba ya tsaya a bakin rumfar ƙarƙashin bishiya, yana murza hula, ya ce, "'Yata, ko za a duba mini?"

Auta ta ce a turo ta. Shi ya tura da kansa, ba wanda ya kama masa. Ta goge bakin man da tsumma, ta ɗauko murfi daidai da motar, ta shafa mai a robar, ta murɗa har ya yi ƙas. Ta gaya masa in ya ga roba ta fara bushewa ya zo a canza, leda ta burodi ce. Sannan ta buɗe kwalbar jan farce. Wannan karon ba siririn layi ta ja ta baya ba. Ta gaba ta ja shi, mai kauri, daga tsakiyar murfin har jikin injin, yadda duk wanda ya ɗaga bonet ɗin nan shi zai fara gani.

Mai Sawu yana zaune a benci, kansa a ƙasa kamar kullum. Da zai tafi gida ya bi ta jikin bango ya ɗauki kwalin nan ya miƙa wa tsohon Shugaba.

"Ajiye shi, ranka ya daɗe," in ji shi. "Amarya ta daina ɗiga, amma na ga kai tun jiya gumi kake zubarwa."